DAGA KANO ZUWA JIDDA: YADDA TAFIYAR SHEKARU TA KOMA TA SA'O'I

GABATARWA

Idan aka ja zare a miƙe daga birnin Kano zuwa birnin Jidda, za a sami tsawonsa ya kai kimanin mil 2,100, watau kilomita 3,400 a ma'aunin da aka fi amfani da shi yanzu. Wannan tazara tana nan yadda Allah ya ajiye ta, tun zamanin Bagauda ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba, ba ta kuma ragu ba. Abin da ya sake shi ne lokacin da mutum kan ɗauka kafin ya ratsa ta. A yau maniyyaci yakan yi sallar asuba a sansanin alhazai na Kano, ya shiga jirgi da hantsi, bayan sa'a huɗu da rabi ko biyar ya ji ana cewa a ɗaura ɗamara za a sauka Jidda. Kakan kakansa kuwa, in ya yi niyyar wannan tafiya, sai ya raba gado tun yana da rai, ya biya bashi, ya nemi gafarar dangi da maƙwabta, domin ba wanda ya san ko za a sake ganawa.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bi tarihin wannan hanya daki daki, a ga yadda tafiyar shekaru ta koma ta watanni, ta watanni ta koma ta kwanaki, har ta zo ta zama ta sa'o'i. Daga nan sai mu duba abin da Bahaushe ya samu da abin da ya kuɓuce masa a cikin wannan sauyi, domin akwai al'ummar Hausawa guda da wannan hanya ta haifa, akwai kuma tarihi mai yawa da ke shirin bin tsofaffi zuwa kushewa in ba a yi hanzari ba.

HANYOYIN DAURI

Mutanen ƙasashen baƙar fata na yammacin Afirka sun daɗe suna zuwa aikin hajji. Tarihin sarakunan Kanem ya nuna cewa Mai Dunama na farko, wanda ya yi mulki a farkon ƙarni na 12, ya je Makka sau biyu, a tafiyarsa ta uku ya rasu a teku. Wajen shekarun 1240 mutanen Kanem har makaranta da masauki suka kafa a Alƙahira saboda matafiyansu da ɗalibansu. Mansa Musa na Mali ya bi ta Misira a 1324, Askiya Muhammadu na Songhai ya tashi a 1496, ya kuma gana da Shehu Jalaluddini Suyuɗi a Alƙahira. Mai Idris Aloma na Barno shi ma ya sauke farali a ƙarni na 16.

Duk waɗannan sarakuna hanyar arewa suka bi, watau a ratsa hamada a faɗa Misira, sa'an nan a shiga ayarin alhazan Alƙahira. Mutumin ƙasar Hausa da ke son bin wannan hanya sai ya nufi Agadas, daga nan ya wuce Gat ko Murzuk ta ƙasar Fazzan, ya miƙa gabas zuwa kogin Nilu. Hanya ce ta masu raƙuma da masu hali, domin hamada ba ta da gonar da za a tsaya a yi ƙwadago, wanda guzurinsa ya ƙare a tsakiyarta sai dai wani ikon Allah. Ta Agadas ɗin nan ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, lokacin da malamin ya yi haramar Makka, amma Shehu ya komo gida daga can saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba. Allah bai nufe shi da yin hajji ba har ya rasu a 1817, haka nan babu ko ɗaya daga cikin Sarakunan Musulmi na ƙarni na 19 da ya samu zuwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu irin nisan Makka a wancan zamani.

Hanya ta biyu ita ce ta gabas, wadda ta yi ƙarfi bayan da Musulunci ya kafu a daulolin Wadai da Darfur. Matafiyi yakan tashi daga Kano ya bi ta Barno, ya zagaya tafkin Cadi ta kudu ya shiga Bagarmi, ya wuce Wadai, ya faɗa Darfur, ya ratsa Kurdufan har ya iso kogin Nilu. Daga nan ya nufi Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda zai nemi jirgin ruwa ya ƙetare abin da bai fi kilomita 300 da 'yan kai ba ya sauka Jidda. Wasu kuma in sun isa Darfur sai su karkata arewa su bi hanyar nan da Larabawa ke kira Darbul Arba'in, watau hanyar kwana arba'in, wadda ke kai wa Asyut a Misira. Hanyar gabas ita ce ta talaka, domin galibinta ta cikin ƙasar noma da kiwo ta bi, akwai garuruwa da kasuwanni da rijiyoyi.

ME YA SA TAFIYAR KE CIN SHEKARU?

Bari mu ɗan yi lissafi. Ayarin jakuna da 'yan ƙasa, in tafiya ta yi kyau, yakan ci kamar kilomita 25 a yini. In da a ce hanya miƙaƙƙiya ce, ba hutu ba ciwo, kilomita 3,400 za ta ƙare cikin kwana 136, watau wata huɗu da rabi. Ko da an ƙara kwane kwanen hanya, bai kamata tafiyar ta wuce wata shida ko bakwai ba. To, me ya sa muke jin labarin waɗanda suka yi shekara uku, ko bakwai, ko fiye, kafin su ga Ka'aba?

Dalili na farko shi ne guzuri. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mutanen ƙasarmu, ba ta sa mallakar abin hawa da tarin guzuri a cikin sharuɗan samun iko ba. A wurin malamanta, mutumin da ke da lafiyar da zai taka da ƙafarsa, yana kuma da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, in akwai aminci, to ya sami iko. Saboda haka talaka ya ga ƙofa a buɗe take. Wanzami ya ɗauki zabirarsa, baduku ya ɗauki basillarsa, maɗinki ya ɗauki allurarsa, malami ya rataya gafaka da allo, mahauci ya soke wuƙarsa, matansu kuma su riƙa tuyar ƙosai da waina a zango. Inda kuɗi ya ƙare, nan za a yada zango a yi sana'a har a tara na gaba.

Dalili na biyu shi ne damina. Da ruwa ya sauka hanyoyin Bagarmi da Wadai sukan zama taɓo, rafuka su cika, sai matafiya su nemi aron gona su yi shuka. Wanda ya shuka kuwa dole ya jira kaka. Ta haka shekara guda takan tafi a kan tafiyar wata biyu ko uku kacal.

Dalili na uku shi ne rashin zaman lafiya. Kowace daula da kuɗin fito da take karɓa, kowane daji da 'yan fashinsa, ga kuma masu kama mutane su sayar. A ƙarshen ƙarni na 19 abin ya ƙara tsananta: yaƙin Mahadi ya tashi a Sudan a 1881, Hartum ta faɗi a 1885, ba a gama ba sai 1898, Rabe kuma ya ci Barno a 1893, ya riƙe ta har aka kashe shi a 1900. Wanda irin wannan ya rutsa da shi a hanya sai ya zauna inda yake ya jira ƙura ta lafa.

Akwai kuma waɗanda da gangan suke jan tafiyar saboda neman ilmi. Alhaji Umarul Futi, wanda ya taso daga Futa Toro, ya isa Makka a 1828, a kan hanyarsa ta komawa ya zauna Sakkwato shekaru da dama wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har ya auri 'yarsa, bai bar garin ba sai bayan rasuwar Bello a 1837. Irin wannan tafiya ita ta baza ɗariƙar Tijjaniyya da littattafai da isnadin karatu a tsakanin ƙasashe. A wancan zamani in an ce wane Alhaji ne, ana nufin mutumin da ya ga ƙasashe, ya ji harsuna, ya zauna gaban malamai iri iri, ya kuma tsallake mutuwa ba sau ɗaya ba.

HIJIRAR 1903 DA ZAMAN SUDAN

Tun zamanin jihadi akwai maganar da ke yawo cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za su yi ƙaura zuwa gabas. Da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, sai Sarkin Musulmi Attahiru na farko ya fita ya nufi gabas, jama'a masu yawan gaske suka bar gonakinsu da gidajensu suka bi shi. Turawa suka bi sawu, aka yi karon ƙarshe a Burmi ran 27 ga Yuli, 1903, inda Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka ci gaba, bayan 'yan shekaru suka isa bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, suka kafa garin da har yanzu ake kira Mai Wurno.

Wannan gari ya zama babban zango ga masu zuwa daga baya. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aikin ƙwadago ya samu, dubban mutanenmu suka riƙa tsayawa tsinkar auduga don su tara kuɗin jirgin ruwa. Wani ya tara ya wuce, wani ya je ya dawo ya sake tsayawa neman na komawa gida, wani kuma aure da haihuwa suka riƙe shi, kullum yana cewa baɗi in Allah ya yarda, har baɗin ta zama ta jikoki. Mutanen Sudan suna kiran waɗannan jama'a Fallata ko Takarir, ba tare da bambanta Bahaushe da Bafillace da Babarbare ba, kuma daga wannan tushe ne muka sami kalmar nan takari. Masana irin su Umar al-Naqar da J. S. Birks da C. Bawa Yamba sun yi rubutu a kan wannan al'umma, na ƙarshensu ma ya tarar da mutanen da aka haifi iyayensu a Sudan amma har lokacin suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar Makka. A yau akwai Hausawa masu yawa a Mai Wurno da Wad Madani da Gadarif da Kasala da Damazin. Nisan hanya ne ya ajiye su can.

JIRGIN ƘASA, JIRGIN RUWA DA MOTA

Mulkin mallaka, duk da ɓarnarsa, ya kawo abubuwan hawa da suka fara gutsure wannan nisa. A Sudan an haɗa kogin Nilu da Bahar Maliya da hanyar jirgin ƙasa a 1906, aka kuma gina sabuwar tashar jiragen ruwa ta Fot Sudan, sa'an nan dogo ya isa Al-Ubayyid a ƙasar Kurdufan wajen 1912. Ke nan wanda ya iya kai kansa Al-Ubayyid, in yana da kuɗin tikiti, ragowar tafiyar da a da ke cin watanni sai ta koma ta 'yan kwanaki. A nan gida kuma dogo ya iso Kano a 1911, ya haɗa ta da Ikko.

Wannan ya buɗe wata hanya mai ban mamaki, wadda mutum zai ba Makka baya kafin ya fuskance ta. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya gangara Ikko, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, ya gana da Sarki George na biyar, daga can ya wuce Jidda. In aka auna, ya yi zagaye mai nisan da ya ninka hanyar gabas, amma ya je ya dawo cikin watanni, abin da ɗan ƙasa ba zai yi mafarkinsa ba. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya yi nasa hajjin a 1937, a can ne kuma ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, haɗuwar da ta sake fasalin Tijjaniyya a Kano da kewaye.

Ga talaka da matsakaicin mai hali, mota ce ta kawo sauƙi. Daga shekarun 1930 manyan motoci suka fara bin tsohuwar hanyar ayari da rani, daga Kano zuwa Maiduguri, zuwa Fort Lamy (Njamena ta yau), zuwa Abashe, a shiga Sudan ta Jinaina, a wuce Fashir, a sauke fasinja a Al-Ubayyid su hau jirgin ƙasa. A ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da ake taƙaita sunanta da WAPA, wadda ta bar wa wata unguwa a Fagge sunanta, har aka riƙa kiran Alhaji Mahmudu Ɗantata da Mamuda Wapa. Tafiyar mota ba ta rasa wahala ba, ga kafewa cikin rairayi, ga lalacewar inji a inda babu makaniki, ga zaman killacewa na likitoci a Sawakin, amma mai kuɗin mota yakan je ya dawo a cikin shekara guda. Waɗanda ba su da fasfo ko kuɗin jirgin ruwa kuwa sukan saci hanya su ƙetare teku cikin ƙananan jiragen Larabawa, wasu su nutse, wasu a yaudare su a sayar da 'ya'yansu, domin ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai 1962.

ZUWAN JIRGIN SAMA

Ran 1 ga Nuwamba, 1925, mutanen Kano suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Jirage uku na sojan saman Ingila, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka sauka a filin sukuwa. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ran 27 ga Oktoba, watau kwana shida ke nan. Abin lura a nan shi ne hanyar da suka biyo: Hartum, Al-Ubayyid, Fashir, Abashe, Fort Lamy, Maiduguri, Kano. Hanyar alhazai ce sak, sai dai su daga gabas suka taso. Dalili kuwa a fili yake. Jirgin wancan zamani ba ya iya dogon zango, tilas ya sauka ya sha mai, kuma inda mutane suke nan ake iya ajiye mai da share fili. Yadda rijiya ta tsara wa ayari zangonsa, haka gwangwanin fetur ya tsara wa jirgi nasa.

A watan Fabrairu na 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga zirga tsakanin Hartum da Kano a kan wannan layi, yana haɗa ta da jiragen da ke zuwa London, daga baya a cikin shekarar aka miƙa har Ikko. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, Bahar Rum ta zama wurin haɗari, sai Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri zuwa Hartum da Alƙahira. Daga 1940 dubban jirage suka bi ta nan, wannan ne kuma ya sa aka faɗaɗa filin jirgin Kano har ya zama mashahurin zango tsakanin Turai da kudancin Afirka bayan yaƙi.

Da aka shiga shekarun 1950 masu hali suka fara zuwa hajji ta sama. Jirgi mai farfela na lokacin, wanda ke gudun kamar kilomita 350 a sa'a, yana bukatar kusan sa'a 10 a sama kafin ya cinye tazarar, ban da tsayawa shan mai. Duk da haka, tafiyar yini ɗaya ce a maimakon ta watanni. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi hajjinsa na farko a 1955, daga nan gwamnatin Jihar Arewa ta ƙara sa hannu cikin sha'anin alhazai. An kafa kamfanin Nigeria Airways a 1958, wanda ya ɗauki shekaru yana jigilar alhazai kafin a rushe shi a 2003.

ZAMANIN JIGILA

Jirage masu injin jet su suka kammala aikin. Irin waɗannan suna gudun fiye da kilomita 800 a sa'a, ba sa kuma bukatar zango tsakanin Kano da Jidda, saboda haka suka rabu da tsohuwar hanya. Miƙaƙƙen layi yana bi ne ta arewa da tafkin Cadi, ya ratsa hamadar Cadi da ta arewacin Sudan, can sama da Abashe da Fashir, ya faɗa Bahar Maliya. Abin da ayari ke ci a yini guda, jirgi yakan wuce shi kafin minti biyu su cika. Har agogo ma sai an gyara, domin Saudiyya tana gaban Nijeriya da sa'a biyu, al'amarin da ɗan ayari bai taɓa sanin da shi ba, tun da shi rana yake bi a hankali.

Wannan ya zo daidai da samun kuɗin man fetur bayan 1973 da rabon kuɗin Udoji. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, kuma a 1977 yawan alhazan Nijeriya ya haura 100,000. A Jidda aka buɗe sabon filin jirgi na Sarki Abdul'aziz a 1981 mai sashe na musamman don alhazai. Da cunkoso ya yi yawa, ƙasashen Musulmi suka amince a 1988 da tsarin ba kowace ƙasa kujera 1,000 a kan kowane Musulmi miliyan ɗaya. A 2006 aka kafa hukumar NAHCON, a 2023 kuma kason Nijeriya ya kasance kujera 95,000.

Amma fa sauri bai kori ajali ba. Ran 22 ga Janairu, 1973, wani jirgi ƙirar Boeing 707 da ya ɗebo alhazai daga Jidda zai kai su Ikko, aka karkato da shi Kano saboda rashin kyawun yanayi, ya faɗi wajen sauka ya kama wuta. Mutum 176 suka rasu daga cikin 202, kuma a lokacin ba a taɓa yin haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka haka ba a duniya. Ran 11 ga Yuli, 1991, wani jirgin da ya taso daga Jidda zai nufi Sakkwato ya kama wuta daga tayoyinsa, ya faɗi kafin ya samu komawa fili, duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu da rahama.

RIBA DA HASARA

Ba mai musun ribar da aka samu. Tsoho da tsohuwa da ba za su iya taka ko zango ɗaya ba yanzu suna sauke farali. Magidanci yakan je ya dawo cikin wata guda ko kwana arba'in, ya tarar da gonarsa da iyalinsa yadda ya bar su. An daina binne mutane a gefen hanya ba tare da danginsu sun ji labari ba.

Sai dai akwai abin da ya tafi tare da tsohuwar hanya. Na farko, a da jarin talaka ƙafarsa ce da sana'arsa, yanzu kuwa kan iyaka da fasfo da biza da kason kujeru sun rufe wannan ƙofa, ba mai zuwa sai wanda ya tara kuɗin kujera, ko wanda gwamnati ko wani mai hali ya biya wa. Makka ta matso kusa ga mai kuɗi, ta kuma ƙara nisa ga wanzami da baduku. Na biyu, alhajin jirgi ba ya ganin kowa tsakanin Kano da Jidda sai gajimare. Zumuncin da ke tsakaninmu da mutanen Wadai da Darfur da Kurdufan, wanda aka gina da auratayya da karatu da ciniki, ya yi rauni ƙwarai. Na uku, 'yan'uwanmu da hanya ta ajiye a Sudan mun bi ta kansu mun wuce. Da rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu a 2022 tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun wurin a kan ƙasa da sarauta, aka yi asarar rayuka masu yawa, mutane da dama a nan gida a ranar suka fara jin cewa akwai Hausawa a can.

Shekarar 2023 ta ƙara tuna mana cewa ƙasashen da ke ƙarƙashin fiffiken jirgi suna nan da ransu. Yaƙi ya ɓarke a Hartum ran 15 ga Afrilu, aka rufe sararin samaniyar Sudan ana dab da fara jigilar alhazai. Tilas jirage suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi. Ɗalibanmu da ke karatu a can kuwa a mota aka kwashe su, wasu zuwa kan iyakar Misira, wasu zuwa Fot Sudan, kusan a kan sawun kakanninsu. Kafin wannan, a 2020 da 2021, annobar korona ta hana kowa zuwa daga waje, jirage na ajiye, hanya a rufe, kamar dai zamanin Rabe.

KAMMALAWA

Mun ga yadda tazarar kilomita 3,400 ta ci wa ɗan ƙasa shekaru, ta ci wa mai mota watanni, ta ci wa jiragen 1925 kwanaki, ta koma sa'a biyar a zamaninmu. Mun kuma ga cewa tsawon tafiya bai taɓa dogara ga nisa kaɗai ba, guzuri da damina da zaman lafiya da dokokin hukuma duk suna da hannu a ciki, jiya da yau.

Abin da ya rage shi ne aikin da ke kanmu, mu ɗaliban Hausa. Galibin abin da aka rubuta a kan wannan hanya baƙi ne suka rubuta shi, cikin harsunan da masu tafiyar ba sa ji. Alhali kuwa har yanzu akwai sauran tsofaffi a garuruwanmu da suka je Makka a bayan babbar mota, akwai waɗanda aka goya aka tafi da su suka dawo da gemu, akwai waɗanda suka san sunan kowane zango daga Maiduguri zuwa Sawakin, da kalmomin Larabcin Sudan da suka shigo bakinsu, da waƙoƙin bege da aka riƙa yi a hanya. Kowace shekara ana rasa wasu daga cikinsu. Ina kira ga 'yan wannan ƙungiya da malamanmu da a sa wannan cikin batutuwan kundin digiri, kowa in ya je hutu ya nemi irin waɗannan dattawa a garinsu, ya durƙusa ya gaishe su, ya ɗauki maganarsu ya rubuta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu ikon yi, ya kuma kai wanda bai je ba, amin.